Barka da Asuba Daga Saba Uku

Ku matso kusa, 'yan uwa, ku rage ƙarar talabijin. Abin da zan ba ku yau ba na ɗaga murya ba ne, don ni ce na kwashi kunyar, kuma har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Da safe ne. Ina tsaye gaban madubi ina dambe da ɗankwali, ƙafa ɗaya cikin takalmi, ɗayar tana laluben ɗan uwansa a ƙarƙashin gado, sai Umma ta turo ƙofa. Da murmushi. Duk wanda ya san Umma ya san wannan kaɗai ya isa ya sa gaban mutum ya faɗi. Matar da gaisuwarta ta safe ita ce "har yanzu ba ki fita ba?" yau ga ta da kofin shayi, har da ɗan faranti mai zanen fure a ƙarƙashinsa, irin wanda ba ya fitowa daga kabad sai an yi baƙon kunya.

"Auta," ta ce, "ashe haka kike?"

"Me na yi, Umma?"

"Ji ta. Wai me na yi." Ta ajiye kofin a kan durowa, ta zauna a bakin gadona tana gyara zani. "Yanzu muka gama waya da Hajiya. Ta ce tun ƙarfe bakwai wayar ɗanta ke kuka a kan teburin cin abinci. Ya shiga wanka ya bar ta, ta leƙa, sai ta ga sunanki a jere har ƙasa. Barka da asuba, barka da asuba, barka da asuba. Ta ce ta ƙirga har ta gaji. Kullum in an yi zancensa ki haɗe rai, ashe cikin nan naki fal yake."

Na tsaya da ɗankwali a hannu kamar an dasa ni.

Bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda yau suka fara shigowa. Ni ce auta a gidanmu, na doshi talatin, ban yi aure ba, kuma wannan shi ne aikin da dangina gaba ɗaya suke yi ba tare da albashi ba. Hajiya ƙawar Umma ce tun suna 'yan mata. Ɗanta yana da kantin magani. A gidanmu Dokta ake ce masa, duk da ya sha faɗa cewa shi ba likita ba ne. Ni kuwa Mai Magani na sa masa a waya. Ba wanda ya ce dole, kada ku ɗauki alhakin Umma. An dai buɗe masa ƙofar falo, ni kuma an ce in fito mu gaisa. Yakan zo da yamma, rigarsa ta sha guga har tana iya yankan mutum, ya ɗofana a bakin kujera, ya tambaye ni aiki in ce lafiya, in tambaye shi kasuwa ya ce alhamdulillahi, daga nan sai mu haɗu mu yi ta kallon labule. Ba shi da wani aibu. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don mutum ba ya iya zuwa gaban Umma ya ce ya ƙi mutum saboda yawan guga.

Ni kuma aikina rubuta manhaja ne a wani ƙaramin kamfani da ke tura saƙonni a madadin mutane. Makaranta, shago, asibiti, duk wanda yake so ya tuna wa jama'arsa wani abu, sai ya rubuta saƙo, ya zaɓi lokaci, mu kuma injinmu ya tura da lambarsa. To da Umma ta matsa mini da "ko gaisuwa ba kya iya tura wa yaron nan," sai wata dabara ta faɗo mini. Na buɗe asusuna na ma'aikata, na rubuta, "Barka da asuba, da fatan ka tashi lafiya," na sa lambar Mai Magani, na zaɓi ƙarfe bakwai, na danna "kullum."

Wallahi abin ya yi daɗi. Cikin sati guda Umma ta daina mita. Da na ga haka sai na ƙara Gwaggo, na ƙara Kawu, na ƙara matar yayana da duk wanda ya taɓa cewa ba ni da zumunci. Na wayi gari ni ce yarinyar kirki a dangi. Gwaggo har misali take yi da ni in tana wa 'ya'yanta faɗa. Shi kuma bawan Allah kullum sai ya amsa, "Lafiya lau, na gode. Allah ya ba da sa'a." Nakan gani wajen ƙarfe goma, in na tuna.

"Sha shayinki," in ji Umma. "Hajiya ta ce tunda abin ya kai haka, babu amfanin jan lokaci. Ƙarshen mako iyaye maza za su zauna."

"Umma, ki tsaya, ba haka..."

Wayata ta yi ƙara. Gwaggo. Umma ta warce ta sa a sifika.

"Auta! Lafiyarki kuwa? Yau gaisuwarki ta kusa cinye mini caji."

"Yaya, ai farin ciki ne," Umma ta amsa mata. "Yarinya in zuciyarta ta kamu, kowa ta gani gaisuwa take."

Suka kwashe da dariya su biyu. Ni kuwa a lokacin na tuna abin da muka yi jiya da yamma a ofis. Ban sha shayin ba. Takalmin da na samo a ƙarƙashin gado ma ba ɗan uwan na ƙafata ba ne, sai a cikin mota na lura.

Ofishinmu yana hawa na biyu, a saman wani shagon tayal. Ɗaki ɗaya ne dogo, tebura a jere, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokitin fenti. Ina shiga na tarar wayoyi biyu na kuka lokaci guda, ba mai ɗauka. Abokin aikina yana tsaye a kan kwamfutarsa, ya kama ƙugu. Dogo muke ce masa, saboda in ya tsaya bai wuce kafaɗata ba.

"Malama, leburanki ya haukace," ya ce ko sallama bai amsa ba.

"Leburana ko naka?"

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Jan rubutu ne tun daga sama har ƙasa, kalma ɗaya tana maimaita kanta: dedlok, dedlok, dedlok.

Na san wasunku sun fara hamma, ku yi haƙuri, a taƙaice zan yi, kuma sai kun gane wannan za ku gane yadda na tashi da saurayi a wuya. Muna da rumbun bayanai, inda kowane saƙo yake ajiye da lokacinsa. Muna da ƙananan manhajoji da muke kira leburori, ba sa barci, aikinsu leƙa rumbu su ga me ya kamata a yi. Saba kuwa ita ce babbar kwamfutar da leburorin ke zaune a ciki. Da can saba ɗaya ce, leburori suna bin juna a layi, wannan ya gama wancan ya fara. Da kwastomomi suka yi yawa, Oga ya ce a ƙaro saba biyu, kowacce da nata leburorin, duk suna aiki a rumbu ɗaya. Jiya muka kunna su, har da tafi da lemo.

Doka ce in lebura zai taɓa wani layi a rumbu sai ya kulle shi, kada wani ya sa hannu kafin ya gama. Leburan da na rubuta, shi ne mai turawa: ya kulle saƙo, ya tura, sannan ya je ya kulle asusun mai saƙon ya rubuta cewa an tura. Na Dogo kuma shi ne mai shirya na gobe: ya fara kulle asusu, sannan ya bi saƙonnin ciki ɗaya bayan ɗaya. Kun gani? Nawa ya riƙe saƙo yana jiran asusu, nasa ya riƙe asusu yana jiran saƙo. Ba mai saki. Shi ne dedlok. Rumbu kuma ba ya son rigima, in ya ga sun cije sai ya kashe ɗaya, ya goge duk abin da ya yi kamar bai taɓa yi ba. Yawanci nawa yake kashewa. Sai dai saƙon da ya riga ya faɗa wayar mutum babu mai iya goge shi. Rumbu ya ce ba a tura ba, wani lebura daga wata saba ya zo ya sake turawa, ya sake cijewa, a sake kashe shi. Haka suka yi ta yi har Allah ya sa ɗaya ya tsallake.

"Wa ke tura saƙo kafin ya gama rubutu a rumbu?" in ji Dogo.

"Wa ke kulle asusu gaba ɗaya don ya gyara lokaci?"

"Nawa ya daɗe yana aiki ba matsala."

"Nawa ma haka!"

Abin takaicin, dukanmu gaskiya muka faɗa. Muka kashe sababbin saba biyun, jan rubutun ya tsaya, muka ci gaba da hararar juna.

Oga ya fito daga ɗan ofishinsa na gilashi, ya sassauta wuyan riga, gumi har a saman leɓensa. "Ku bar musun nan. Makarantu sun kira, na ba su haƙuri, sun yi dariya. Amma akwai wanda bai yi dariya ba. Wani mai kantin magani ne, mu ke tuna wa marasa lafiyarsa lokacin shan magani. Yana hanya. Ku biyu za ku yi masa bayani da bakinku."

Kun ji an ce kantin magani, ko? Ni ma na ji. Amma ban kawo komai a raina ba, don garin cike yake da kantunan magani, kuma, ku yi mini shaida, duk zuwan da mutumin nan ya yi gidanmu ban taɓa tambayarsa sunan kantinsa ba.

Muna zaune a ɗakin taro, ina ɓoye ƙafafuna a ƙarƙashin tebur saboda takalman nan mabambanta, aka turo ƙofa.

Shi ne. Amma ba wanda na sani ba. Rigar ta yamutse, hannu ɗaya a naɗe ɗaya a sake, akwai tabon wani abu mai danƙo a gaban aljihu. Ba hula. Idonsa ya sauka a kaina, ya ɗan tsaya, sannan ya wuce kamar ya ga kujera. Shi ya san inda nake aiki. Na gane daga baya cewa saboda ni ya kawo mana kasuwarsa tun farko, bai taɓa faɗa ba.

Oga ya fara jero ban haƙuri. Ya ɗaga masa hannu.

"Yallaɓai, bari in faɗa maka abin da saƙonku ya yi, sai ka san irin haƙurin da za ka ba ni. Ina da wani dattijo mai ciwon suga. Mantuwa ta fara kama shi, shi ya sa na sa shi a tsarinku. In waya ta ce sha, sai ya sha. Yau ta ce sha, ya sha. Ta sake cewa sha, ya sake sha. A na uku matarsa ta riƙe hannunsa. Kafin in isa ya jiƙe da gumi, bai san inda yake ba. Da cokali na riƙa ɗura masa ruwan sukari a bayan mota har muka kai asibiti."



"Ya... ya jikin nasa?" Muryata ce, amma da ƙyar na gane ta.

"Ya farfaɗo, Injiniya. Sun riƙe shi zuwa gobe." Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. "Sauran mutanena duk na bi su da waya ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ina so in ji abin da ya faru, a Hausar da zan gane."

Na tashi na je gaban allo. Na zana akwati biyu, na rubuta saƙo, na rubuta asusu, na ja kibiyoyi. Na faɗi komai, har da cewa leburana ne ke tura saƙo kafin ya tabbatar an rubuta. Ya saurara da kyau, ya yi tambayoyi biyu, dukansu a kan gaɓa. Mutumin da nake zaton labule kaɗai ya iya kallo.

Da an tsaya a nan, da na tsira da sauran mutuncina. Amma Oga yana so ya nuna ba shi kaɗai abin ya shafa ba.

"Wallahi har ma'aikatanmu bai bari ba. Dogo, nuna masa misali. Kada ka buɗe na kwastoma, buɗe na cikin gida."

"Ga na Malama nan," in ji Dogo da zuciya ɗaya.

"Dogo, bari..."

Ya riga ya danna. A jikin bango, da haruffa manya kamar na allon talla, ga shi nan: Mai Magani. Barka da asuba, da fatan ka tashi lafiya. Maimaitawa: kullum. Ranar tsayawa: babu. A ƙasansa Gwaggo, a ƙasanta Kawu, kowa da irin tasa gaisuwar, kalma ɗaya ce kawai ta bambanta.

"Ka ga wannan bawan Allah," Dogo ya nuna da biro, "shi ya fi kowa shan ruwan saƙo yau. Malama, wane ne Mai Magani?"

'Yan uwa, na roƙi ƙasa ta tsage, amma muna hawa na biyu, ko ta tsage shagon tayal zan faɗa.

Ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya ce, "Wani kwastomanta ne, da alama." Ya miƙe. "Yallaɓai, ku dakatar da saƙonnina har sai kun gyara. Zan riƙa kiran mutanena da kaina."

Na bi shi har bakin matakala, takalmi ɗaya yana ƙwas ɗaya yana shiru.

"Don Allah, ina ne asibitin? Ina so in je in ba dattijon haƙuri."

"Ki gyara injinki, Injiniya. Shi ne ban haƙurin." Ya sauka.

Ranar ban ci abincin rana ba. Ni da Dogo muka ja kujeru wuri guda, karo na farko tun da muka fara aiki tare. Muka yarda duk lebura, nawa da nasa, asusu zai fara kullewa kafin saƙo, hanya ɗaya, ba mai shigowa ta baya. In ya tarar wani ya riga shi, ya tsallake ya ɗauki na gaba, ba tsayuwar jira. Turawa kuma sai bayan an gama rubutu a rumbu, kuma kowane saƙo da lambarsa ta daban, ko lebura ya sake kawo shi a ƙi karɓa. Muka kunna saba ukun a wurin gwaji, muka zuba musu dubban saƙonnin ƙarya lokaci guda. Ba jan rubutu ko ɗaya. Muka sake, muka sake.

"Malama," Dogo ya ce yana miƙa, "mutumin ɗazu... shi ne, ko?"

"Ka ci gaba da gwajinka."

"Inna lillahi. Ni na kashe ki."

"Kai ka binne dai. Ni na kashe kaina."

Kafin in tashi na buɗe asusuna na goge gaisuwar nan duka. Gwaggo ta nemi wata yarinyar kirkin.

Ga abin da ban so in faɗa muku ba. Duk tsawon yinin nan, ina rubutu ina ganin rigar nan da ta yamutse. Ina ganin mutum a bayan mota da cokali a hannu. Na yi ta korar hoton yana dawowa.

Na isa gida na tarar an share tsakar gida har an yayyafa ruwa, falo yana ƙamshi, an sauya rigunan kujeru. A kan gadona Umma ta shimfiɗa doguwar riga ruwan zuma mai ɗinki a wuya, da mayafi mahaɗinta.

"Ya yi waya zai zo bayan magariba," ta ce. "Saura ki fito masa da wannan fuskar ta ofis."

Da can sai an yi daru kafin in sa abin da Umma ta zaɓa. Ranar kuwa na ɗauka ba musu. Na yi wanka, na sa rigar, na sauya 'yan kunne har sau biyu, na zizara kwalli, na goge, na sake zizarawa. Matar Yaya ta leƙo ta ce, "Iye! Yau kuma?" Na ce ta fita mini daga ɗaki.

Ya zo da wata rigar, ta sha gugarta kamar kullum. Na ajiye masa ruwa da lemo. A ƙasan labulen da ya raba falo da tsakar gida ina hango yatsun ƙafar Umma, da jan lalle a farcenta. Shi ma ya gani, don ƙasa ya yi da murya.

"Ya jikin dattijon?" na riga shi.

"Da sauƙi. Har ya fara faɗa da masu jinya."

"Mun gyara. Mun gwada, ba zai sake ba. Kuma maganar abin da ka gani a bango..."

"Na daɗe da sani."

Na ɗago.

"Saƙonki da kwafin saƙon kantina tare suke shigo mini, ko ƙiftawar ido babu a tsakani. Kuma ba mutumin da zai yi ta gaisuwa kullum bai taɓa kuskuren harafi ba." Ya ɗan yi murmushi, ba mai daɗi ba. "Na ce ba komai. Tunda kin zauna kin rubuta sau ɗaya, wataƙila wata rana ki ƙara wata kalma. Shi ya sa nake amsawa."

"To me ya sa ba ka..."

"Yau da na gan ni a jere da Gwaggo da Kawu, sai na ga inda aka ajiye ni. Ba laifi ba ne. Ba a so dole." Ya juya kofin a hannunsa, bai sha ba. "Na zo in ce miki na janye, Injiniya. Hajiya ta ɗauki abin da zafi, zan lallaɓa ta kafin ƙarshen mako. Zan ce daga gare ni ne, kada Umma ta matsa miki. Ke dai ki yi shiru."

Jama'a, wannan ita ce maganar da na daɗe ina roƙon Allah ya sa ya faɗa. Ga ta an kawo mini har falo, da ladabi, har da ɗauke mini laifi. Kamata ya yi in ji sanyi a raina. Sai na ji kamar an zare mini kujera ina shirin zama.

Na buɗe baki. Ni da na yi wa mutum uku bayanin dedlok da rana, na kasa haɗa jimla ɗaya. Abin da ya fito shi ne, "Ba ka sha lemon ba."

"Na gode. Ina gudun suga," ya ce, ya miƙe.

Yana fita Umma ta faɗo falo. "Me ya ce? Kun yi ta ƙus-ƙus ban ji komai ba."

"Ya ce a gaishe ki."

"Yaron kirki!" Ta ɗauki waya ta nufi ɗaki tana neman lambar Gwaggo.

Washegari tun kafin bakwai ina zaune a tsakiyar gado da waya a hannu. Na rubuta, na goge. Na rubuta mai tsawo, har da ban haƙuri da bayani, na ga ya yi kama da takardar neman aiki, na goge. Na rubuta "ina kwana," na ga ya yi kaɗan. Daga ƙarshe yatsuna suka koma ga abin da suka sani: Barka da asuba, da fatan ka tashi lafiya. Da hannuna, harafi bayan harafi. Na rufe ido na tura.

Amsa ta shigo nan take.

"Injiniya, ku sake dubawa. Har yanzu yana zuwa."

Na kifa fuskata a filo na yi ihu mara sauti. Na tashi na zaga ɗaki. Na zauna. Na ce wa kaina mutum ya janye, ki bar shi ya tafi da mutuncinsa. Na sake ce wa kaina, to ki mutu da naki. Na danna kira kafin in sake shawara.

Aka ɗauka.

"Ah, 'yata!" Muryar Hajiya ce, har da ƙarar cokali cikin kofi. "Yanzu kuma har da kira? Masha Allah! Ya shiga ɗauko makullin mota. Tsaya, kada ki kashe. Kai! Zo maza, ga ta nan da kanta!"

Ƙofata ta buɗe. Umma ce, da tsintsiya a hannu, ta ji ana waya. Ta jingina da bango, ba ta da niyyar tafiya ko'ina. A can ɓangaren ina jin takunsa yana matsowa, ina jin Hajiya tana cewa bari ta sa a sifika don hannunta da maiƙo.

"Injiniya?" ya ce. "Wata matsalar ce kuma?"

Na kalli Umma. Umma ta kalle ni. Na san Hajiya ma ta kasa kunne, kuma duk abin da na faɗa yanzu, kafin azahar ya gama zaga dangi biyu, ba mai iya goge shi.

"Ba inji ba ne," na ce. "Ni ce."